Lissafin Aladu a Garken Inna

Ban taɓa ganin alade da idona ba sai bayan na gama jami'a, shi ma ta tagar mota, a hanyarmu ta zuwa bautar ƙasa. Amma kafin nan na yi wata bakwai ina fama da aladu. Na san uwar kowanne da ubansa, na san ranar da aka haife shi da nauyinsa ranar yaye. Duk a takarda.

A shekararmu ta ƙarshe a sashen kiwon dabbobi, kowane ɗalibi sai an ba shi aikin bincike. Ni tumaki nake so, don a cikinsu na tashi. Gidanmu a Daura bai taɓa rabuwa da kukan tumaki ba, Inna ce ke kiwonsu tun kafin a haife ni. Malamin da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo wasu littattafai uku masu kaurin bango daga ƙasan teburinsa ya ajiye a gabana. Ya ce bayanan tumakin da ke hannunsa duk da giɓi, waɗannan ne kaɗai cikakku, daga wata gona a kudu inda ya yi aiki yana saurayi.

Na buɗe shafin farko na karanta, na ɗago kai.

"Malam, aladu fa?"

"Ba kiwonsu na ce ki yi ba, lissafi na ce ki koya," in ji shi. "Tunkiya ɗa ɗaya take haifa, in ta yi ƙoƙari biyu. Wannan kuwa kafin wata huɗu ya cika ta zubo wajen goma. Abin da za ki shekara goma kina jira a tumaki, ga shi nan a rubuce."

Na sa littattafan a leda na ɗaure, na kai ɗaki na ajiye can ƙarƙashin gado. Kwana uku ban taɓa su ba.

Da na zo hutu Inna na fara gaya wa. Tana tankaɗe ne, ta tsaya da rariya a hannu.

"Ke 'yar nan, duk dabbobin da Allah ya halitta a rasa wadda za a ba ki sai wannan? Je ki gaya wa babanku, ni ba ruwana."

Baba malami ne, magidanta ke zuwa ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar. Na jira suka watse na shiga na durƙusa, na yi masa bayani. Ya tambaye ni ko za a sa ni ci, ko za a sa ni taɓawa. Na ce a'a, ko ganinsu ba zan yi ba. Ya ce in kawo littafin ya gani. Ya sa tabarau, ya dinga buɗe shafi yana tambayata abin da kowane layi yake nufi. Na nuna masa gurbin uba, gurbin uwa, gurbin yawan 'ya'yan da aka haifa tare, da nauyin kowane mako. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanda ya rubuta wannan mutum ne mai kula," ya ce. "Bai tsallake ko mako guda ba. Je ki koya, naman aka hana mu."

Kawuna, yayan Inna, shi ne ya mai da abin na dariya. Fataucin dabbobi yake yi, yana zaune a Zango, babu kasuwar da ba a san shi ba daga Mai'adua har Baure. Mutum ne da zai dafa gadon bayan rago sau ɗaya ya faɗi shekarunsa kafin a buɗe bakinsa. Tun daga ranar da labarin ya kai masa ya raɗa mini suna likitar aladu. Ko a gidan suna muka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce, "Likita, ya marasa lafiyarki?"

Na koma makaranta na zauna wa littattafan. A gonar nan sun haɗa wani farin iri na ƙasar waje da baƙin iri na gida, suka yi ta auna 'ya'yan da jikokin. Da farko abin da na yi shi ne na tara nauyin 'ya'yan kowane namiji na raba da yawansu, na kai wa malamina da murna na ce na gano wanda ya fi. Ya duba ya ce, "Wannan da kika ce ya fi, 'ya'yansa a wane lokaci aka haife su? Su nawa ne a kowane ciki?" Da na koma na duba sai na tarar yawancinsu an haife su a lokacin wadatar abinci, kuma ba su da yawa a kan nonon uwa. Ashe ba uban ne ya yi aikin ba shi kaɗai.

Wannan ne abin da na kwashe wata bakwai ina koyo, yadda ake warware nauyin dabba a ba kowa rabonsa: ga na uba, ga na uwa, ga na lokacin haihuwa, ga na yawan masu shan nono. Kwamfuta ce ke yin ɗawainiyar, amma sai ka san abin da kake tambayarta. Na ci jarrabawa da sakamako mai kyau, na mayar wa malamina littattafansa, na ɗauka mun rabu da aladu ke nan.

Bayan bautar ƙasa na yi aure a nan Daura, na sami aiki a sashen gona na ƙaramar hukumar Sandamu. Kullum sai in bi mota in je in dawo. Aikin yawanci rigakafi ne da wayar da kan mata masu kiwo. Asabar kuwa a gidanmu nake wuni.

A lokacin raguna biyu ke barbarar tumakin Inna da na maƙwabtanmu, tumakin duk irin 'yan ƙasa ne. Ɗaya Uda ne, gabansa baƙi bayansa fari, ƙahonsa na hagu ya karye tun yana ƙarami. Shi kullum yana gida. Ɗayan Balami ne na Kawu, fari fat, dogo, mai gantsararren hanci da kunnuwa har wuya. Kawu kan kawo shi farkon damina ya bar mana shi kamar wata biyu, sannan ya ɗauke shi ya kai wa wasu. In Balamin nan ya shigo unguwa har leƙowa ake yi. 'Ya'yansa ma haka, kowa sai ya yaba.

Ba da wata manufa na fara awo ba, hannuna ne ya saba. Na sayi sikeli na rataye, na yanka buhu na yi masa hannu biyu, muka ɗaura igiya a reshen darbejiyar tsakar gida. Asabar ɗaya bayan ɗaya sai mu sa 'yan tumakin a buhu mu rataya, ni ina karanta nauyi, Inna tana riƙe ƙafafu. Da farko tana yi ne tana mita, wai na mai da mata gida asibiti. Amma da na ce ina buƙatar ranar haihuwar kowanne, ita ce ta ɗauko tsohuwar kalanda ta juya bayanta ta riƙa rubutawa da ajami, tunda ba ta yi boko ba. Ba ta taɓa mantawa ba. Har ta ƙara abin da ban tambaya ba, kamar ranar da wata ta yi zawo ko ta ƙi cin dusa. Matan maƙwabta su ma suka fara kawo nasu, wasu don son ganin abin da allurar sikelin za ta nuna, wasu don hira.

Mun fi shekara biyu a haka. Sai wata rana, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Kawu ya zo ya ce wa Inna a fitar da Udan nan a yi layya da shi. Ya ce ɓata iri kawai yake yi, 'ya'yansa ƙanana, shi zai bar mana Balami ya zauna gaba ɗaya. Inna ba ta musu da yayanta. Ta ce to, amma na ga yadda ta dubi ragon, don ita ta rene shi da hannunta bayan uwarsa ta mutu.

Na ce, "Kawu, a ba ni mako guda."

"Me za ki yi da mako guda, likita?"

"Zan duba lissafi."

Ya yi dariya har da buga cinya, amma ya yarda.

Makon nan na kwashe abin da ke bayan kalandar Inna da littafina na zuba a kwamfuta. Tun kafin in gama na ga inda abin ya dosa, don na taɓa faɗawa wannan ramin. Balami farkon damina yake zuwa, tunkiya kuma wata biyar take ɗaukar ciki, saboda haka 'ya'yansa da kaka suke faɗowa, lokacin da harawa ta cika rumfa, iyayensu na ƙoshe, nono na zuba. Uda kuwa sai bayan kaka tumakin suke dawowa hannunsa, 'ya'yansa su faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ko kara sai an nema. Ga shi kuma tunkiyar da aka barbara tana ƙoshe ta fi yin tagwaye, shi ya sa tagwayen suka taru a wajen Uda, biyu a kan nono ɗaya. 'Yan kaɗan ne daga cikin nasa aka haifa da kaka, kuma waɗannan da na gwada su da na Balami ba su gaza ba.

Ranar Asabar bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma, na buɗe kwamfutar a gaban Kawu. Na yi masa bayani a hankali. Bai katse ni ba. Da na zo kan 'yan kaɗan ɗin nan na kaka, ya sa yatsa a kan wanda ya fi nauyi.

"Wannan wanne ne?"

Inna ta ce ɗan jar tunkiyar maƙwabciyarmu ne, mai gidan da ke jikin masallaci.

"A kawo shi in gani."

Inna ta yafa mayafi ta je ta jawo shi. Kawu ko tashi bai yi ba. Ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa gefe.

"Dubi hancin nan. Dubi kunnen nan. Wannan ɗan Balamina ne, ko a kasuwar da ba a san ni ba zan rantse."

Aka kira maƙwabciyar. Ta yi tunani, sannan ta ce gaskiya a daminar nan tunkiyar ta taɓa tsinke igiya ta wuni a garkenmu, Balami yana nan. Ita dai ta ce mini Uda ne don shi ta kai wa daga baya.

Kunya ta rufe ni. Wannan ɗan ragon shi ne mafi ƙarfin hujjata. Na cire shi daga lissafin Uda na mayar da shi ƙarƙashin Balami, na sake sa kwamfutar ta yi aiki a gabansu. Tazarar da nake taƙama da ita ta ragu sosai. Uda bai faɗi ƙasa ba, amma bai wuce ba.

Kawu yana kallona. "Kin cire shi, alhali ke yake taimako?"

"Ba nasa ba ne, Kawu."

"To yanzu me lissafin naki ya ce?"

Na ce ya ce ba mu sani ba tukuna. Waɗanda za a gwada sun yi kaɗan. Abin da kawai zan iya tsayawa a kai shi ne ba a taɓa yi wa ragunan nan adalci ba, ɗaya an ba shi kaka, ɗaya an ba shi bazara.

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce to a yi musu adalcin. A raba tumakin biyu, kowane rago a ba shi rabi, a wata guda. Har ya fara nuna waɗanda za a ba wa Balami, na ce a'a, idonsa ya san masu kyau, ko bai yi niyya ba zai zaɓa wa nasa. Sai dai ƙuri'a. Inna ta yayyanka tsumma ja da shuɗi daidai yawan tumakin ta zuba a ƙwarya ta rufe da faifai. Aka roƙi Baba ya fito daga zaure. Shi ya riƙa zura hannu ba ya kallo, duk tunkiyar da aka jawo a ɗaura mata abin da ya fito. Ja na Uda, shuɗi na Balami. Yana yi yana murmushi, ya ce bai taɓa zaton za a kira shi alƙalancin raguna ba.

Da damina ta faɗi muka raba garken da darni. Wani rago daban Kawu ya samo wa Baba na layya, Uda ya tsira a shekarar.

Da kaka 'ya'yan suka faɗo kusan tare. Na Balami sun fi girma ranar haihuwa, dogayen ƙafafu, manyan kai. Kawu ya zo ya gani ya tafi yana fara'a. Ni dai na ci gaba da rataya su a darbejiya. Har yaye suna gaba. Amma da rani ya yi nisa, harawa ta ja baya, aka koma kan dusa da kowar wake da 'ya'yan gawo, sai suka fara zubewa. Tsayin yana nan, naman ne babu. Na Uda gajeru ne, ba su da kwarjini, amma ba su rame ba, kuma a bayan kalandar Inna sunayensu ba su cika fitowa a cikin masu zawo ba. Kafin ruwan farko ya sauka sun kamo na Balami a sikeli, wasu har sun ɗan gota.

Kawu bai yarda da bakina ba, ya zo da kansa. Ya zaɓi wani dogo fari ya ce wannan ya fi wancan mai baƙin wuya nesa ba kusa ba. Muka rataya su ɗaya bayan ɗaya, shi ya karanta allurar. Mai baƙin wuyan ne ya rinjaya. Ya sa aka sake. Sannan ya zauna a kan turmi.

Na ce masa kada ya ɗauka na ce Uda ya fi. Garke ɗaya ne, shekara ɗaya ce. Mai wadatar abinci da zai yi turka, Balami zai fi yi masa. Amma ga mace irin Inna da ke lallaɓa rani da abin da ya samu, Udan nan ba abin yarwa ba ne.

Wata tambaya daban ya yi mini, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Akwai abin da ya daɗe yana damuna. In aka haɗa Balami da 'yar ƙasa, 'ya'yan su fito da kyau kusan kansu ɗaya. In aka haɗa ruwa-biyun nan da junansu, sai jikokin su watse, wani babba wani kamar ba danginsu ba, kuma gaba ɗaya ba sa kai iyayen. Shekara talatin ina ganin haka. Na ce ko abinci ne, na ce ko baki ne. Akwai wannan a karatunku?"

Akwai shi. Littafi na uku na aladun nan kusan duk a kansa yake. Na shiga madafa na ɗebo farin wake a kwano ɗaya, ja a wani. Na ce a haɗin farko kowane ɗa dunƙule ɗaya yake samu daga nan, ɗaya daga can, ba ƙari ba ragi, shi ya sa suke kama da juna, kuma inda gefe ɗaya ya gaza ɗayan ya rufa masa. Sannan na juye su wuri guda na gauraya, na ce ya ɗiba da ido a rufe. Ya ɗiba, fari ya yi yawa. Ya sake, ja ya yi yawa. Na ce haka jikokin suke, kuma wani wurin gazawa ta haɗu da gazawa, babu mai rufawa. Maganin shi ne a riƙa mayar da 'yan matan ruwa-biyu ga rago tsantsa, kada a bar su da 'yan'uwansu.

Ya daɗe yana juya waken a tafin hannunsa. Inna tana bakin ƙofar ɗaki, tana ji. Tunda ni 'yar fari ce ba ta yabona a gaban mutane. Amma da zan koma gida ta cika mini kwano da man shanu ta ce in kai wa maigidana, abin da ba ta saba yi ba sai da Sallah.

Bayan kamar wata guda Kawu ya aiko wa maigidana cewa yana neman arona ranar Lahadi. Muka je Zango tare. Na tarar zaurensa cike da abokan fataucinsa da wasu Fulani makiyaya, an shimfiɗa mini darduma daga gefe. Kawu ya gyara zama ya ce, "Wannan 'yar ƙanwata ce. Ta kayar da ni a kan rago a gaban uwarta, kuma da gaskiyarta. Ku tambaye ta abin da kuka daɗe kuna tambayata."

Na yi magana har azahar. Wasu sun yarda, wasu sun ce sai sun gani, ban ga laifinsu ba. Can wani dattijo Bafulatani daga wajen Baure ya tambaye ni a kan shanu. Ya ce yana da zuriyar wata saniya da duk 'ya'yanta mata ke da nono, yana son ya san daga ita ne ko daga bijimin da ya daɗe yana amfani da shi. Na ce masa ban sani ba, kuma ba zan iya sani ba sai in akwai bayanin wa ya haifi wa, da daɗewa. Ya gyaɗa kai kawai.

Wata ranar Talata ina ofis a Sandamu sai ga dattijon nan da sandarsa. Ya zauna a benci, ya ƙi kujera. Ya ce in ɗauko takarda. Ya fara da wata saniya da ya gada daga mahaifinsa, ya faɗi launinta da bijimin da ya hau ta, ya faɗi 'ya'yanta bi da bi, wadda aka haifa da damina da wadda aka haifa da rani a mashekari, wadda ke cika ƙwarya da wadda ba ta kai rabi. Daga nan ya gangaro kan 'ya'yansu. Ban taɓa jin ya yi gyara ba sai sau ɗaya. Biro ya ƙare mini na ari wani. Abokan aikina suka bar abin da suke yi suka tsaya a bakin ƙofa suna saurare.

Da aka kira sallah ya tsaya, ya tambaye ni shafi nawa na cika. Na ce goma sha ɗaya. Ya ce to wannan gidan saniya ɗaya ke nan, akwai sauran biyu. Ya miƙe ya tambayi inda ake alwala.